Hauren Gwaggo

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Ki gaida Innarki. Ni dai ga ni nan, gwiwa ta ƙi, ido ya yi yana, kunnen hagu ya daɗe da barin aiki, amma baki yana nan daram. Tela maƙwabcina ne yake rubuta mini wannan, shi ne kuma zai karanta mini amsarki, don haka ki yi rubutu manya-manya, shi ma ya kwana biyu a duniya. Kada ki ce in kira waya, ba na jin komai a cikinta sai kukan sauro. Direban motar kaya zai kawo miki, shi za ki ba amsa.

In kin manta, ni ne Baffanki mai dorina. Kakana da kakan ubanki uwarsu ɗaya. In ke kin ga zumuncin ya yi nisa, ni ban gani ba, don ni na kai marigayi ubanki aiki gidan zu, ni kuma na fara ɗaga ki kika ga jimina kika tsala ihu har birai suka taya ki.

Shekaranjiya ina zaune a bakin shago rediyo ya ce Gwaggo, dorinar gidan zu, ta kwana goma sha ɗaya ba ta ci komai ba. Wai tsufa ne. Wai an ba asibitin dabbobin da kike aiki kwangila, za a harba mata allurar barci a bincika ta. Sau biyu na sa tela ya maimaita mini, na ɗauka kunnena ne.

Auta, shekara arba'in ina wanke bayan Gwaggo. An kawo ta ba ta fi maraƙi ba, ni na sauke ta daga mota. Dorina ba kare ba ce. In aka sa ta barci, numfashinta ne yake fara yin barcin. Mijinta haka aka kashe shi a gabana, wani mai farar riga ya harba, ya kwanta bai tashi ba, aka kawo injin ɗaga kaya aka ja shi kamar buhu. Shi kuwa yana da ƙarfinsa a lokacin. Ita yanzu fa?

An ce mini a wurinku har wanka ake yi wa kare da sabulu mai ƙamshi, a busar masa da gashi, a yanke wa mage farce. Madalla, Allah ya ƙara kasuwa. Amma masu yanke wa mage farce su tsaya a kan mage. Ki hana su. Ba shawara nake ba ki ba.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Na sami wasiƙarka, na ji daɗin jin kana nan da ƙarfinka. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Mu duk lafiya, ƙaramin ne ya yi mura ya warke. Inna na fama da hawan jini. Na ce ka gaishe ta, ta ce «to», ta ci gaba da ninke kaya.

Ban manta ka ba, amma ka fara da gori. E, muna yanke wa mage farce. Jiya kuma mun ciro ƙugiya daga maƙogwaron karen wani tsoho makaho, wanda ba ya iya zuwa ko bakin titi sai da karen. Wanda ya ga fuskarsa lokacin da ya ji karensa ya sake yin haushi ba zai yi mana dariya ba. Ni ba likita ba ce, mataimakiyarsa ce, ba ni da ikon hana komai. Sai dai yana sauraro na in na zo da hujja.

Sau uku na je na ga Gwaggo. Tana tsaye a lungun tafki ta juya wa mutane baya. Fatar wuyanta ta saki. In an jefa kabeji takan zo ta shinshina ta daɗe a kansa, sai ta juya. Miyau yana zuba, ba ta hamma ko kaɗan. Masu kula da ita na yanzu daga bayan shinge suke jefa abinci, ba wanda ya taɓa matsawa kusa.

Na karanta fayil ɗinta tun daga farko. Shafi bayan shafi ba komai sai «lafiya, lafiya». Wuri ɗaya ne aka yi layi biyu, shekara ashirin da shida baya, da sunan Babana: ya bar kayan aiki a tafki, dabba ta ji rauni, an sallame shi. Ko wane rauni ne ba a faɗa ba. Na rufe na fita waje na ɗan tsaya.

Likita ma tsoron allurar yake ji, ya ce rabi da rabi ne. Amma ya ce in an bar ta haka yunwa ce za ta kashe ta, Manajan gidan zu kuma 'yan jarida sun dame shi, yana so a ga an yi wani abu. Ana jiran maganin ya iso, nan da sati biyu.

In ka san wani abu, Baffa, ka faɗa mini shi a fili. «Baffana ya ce a bari» ba magana ce da zan ajiye a teburin Manaja ba.

'Yarka, Auta.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Allah ya raba yaro da mura, ya ba Innarki sauƙi. Makahon nan ki gaishe shi, na janye maganar kare. Ta mage tana nan.

Fayil! Wa ya rubuta fayil ɗin? Wani akawu ne mai tsoron ko agwagwa, kullum da safe ya leƙo ta taga ya ce «Mai dorina, yaya?» in ce lafiya, ya rubuta. Shi ne littafin da kuke ɗagawa sama. Ki tambayi fayil shekarar da katanga ta faɗi kura biyu suka fita, wa ya dawo da su da igiya da hanjin akuya. Ki tambaye shi wane biri ne ba a ba shi ayaba a gaban matarsa. Duk yana kaina. Da wannan Manajan naku ya zo, wata uku ya yi ya ce wanda bai iya cike takarda ba ya tafi gida. Aka tara mutane aka tafa mini, aka ba ni agogon bango, ni da ban taɓa makara ba. Ko sau ɗaya bai ce in zauna in faɗa wa wani abin da na sani ba. Yau shekara huɗu ke nan. Yanzu 'yan jarida sun dame shi? Su cinye shi.

To ga abin da za ku yi. Ku sauya mata ruwa gaba ɗaya. Ku yanka kankana ƙanana ku cire ɓawon. An ce an kafa lasifika kusa da tafkin ana sa wa yara kiɗa, a cire, ba ta son hayaniya. Ku jiƙa ciyawar ta yi laushi.

Miyaun nan da kika ce, ta wane gefe yake zuba? Akwai jini a ciki? Yana wari? Tambaya ce kawai.

Tela ya ce ban amsa miki abin da kika tambaya ba. Na ce masa an ɗauke shi rubutu ne, ba alƙalanci ba.

Kada a harba allurar nan.

Baffanki.

*

Baffa,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Ba zan tsawaita gaisuwa ba don lokaci ya ƙure. Motar kaya ta lalace a hanya, wasiƙarka kwana tara ta yi kafin ta zo hannuna. Kwana tara ina zuwa tasha ina dawowa, ina cewa Baffa zai aiko da magana. Da na buɗe sai na ga kankana.

Duk da haka na yi. Na sauya ruwa, na yi rigima da Manaja har aka cire lasifika, na yanka kankana da hannuna. Ta ɗauki guda ɗaya, ta riƙe a baki, ta sake shi ya faɗa ruwa. Yanzu ƙashin bayanta ya fito.

Miyau ta hagu yake zuba. Akwai jini. Yana wari, har daga shinge ana ji. Yaya aka yi ka san abin da za ka tambaya? Mutum ba ya yin irin wannan tambayar sai ya riga ya san amsa.

Na gane abin da kake yi. So kake su harba ta mutu, rediyo ya faɗa, kai kuma ka zauna a bakin shagon tela ka ce ai na faɗa. Ko kuma so kake Manaja ya zo har ƙofarka ya durƙusa. Fushinka da shi ya fi maka ita. Babana saboda dorinar nan aka kore shi. Ya ƙare yana gadin kanti, tari ya kama shi, bai taɓa ce mana komai a kai ba. Ni 'yarsa ce nake tsaye a rana ina roƙon ta ta ci abinci. Kai da aka tafa wa kana aiko mini da labarin kuraye.

Magani ya iso. Ranar Laraba da hantsi za a harba. Yau Juma'a. Na ba direban bas wannan, gobe zai juyo, zai tsaya a shagon tela minti goma kawai. In ba ka da abin faɗa kada ka wahalar da tela.

Auta.

*

Auta,

Lafiya lau nake, in ana kiran wannan lafiya. An karanta mini wasiƙarki. Ni zan so Gwaggo ta mutu don in ci gardama? Ni? Da wani ne ya faɗa da na sa an mayar masa da takardarsa. Amma ke kina da hakkin zagina, ba dai a kan wannan ba. Ki saurara.

Haure ne. Na ƙasa, na hagu. Hauren dorina ba ya daina tsiro, na sama ne yake goge na ƙasa kullum in tana tauna. Gwaggo ba ta da na sama a hagu, ya karye tun daga tushe. Don haka na ƙasan yana tafiya abinsa, yana lanƙwasa, yanzu ya shige kuncinta ta ciki. Yunwa tana ji, taunar ce ba ta iyawa. Shekara ashirin da biyu ina yanke shi duk bayan shekara biyu, da sassafe kafin a buɗe ƙofa, don doka ta hana sa hannu a bakinta. Ranar da aka sallame ni na yanke shi ƙasa sosai. Na ɗauka ɗayanmu zai mutu kafin ya dawo.

Abin da ya hana ni faɗa tun farko shi ne za ki ce me ya karya na saman, ni kuma ba zan sa a rubuta ƙarya a kan mamaci zuwa ga 'yarsa ba. Manjagarar ƙarfe ta tauna. Ni na bar ta a tafkin, ba ubanki ba. Ranar aikinsa ce, amma an aiko cewa Innarki tana naƙudarki, na ce ya tafi zan share masa. Na jingine manjagarar a ciki aka kira ni wajen zaki, na manta. Da safe ruwa ya yi ja. Aka duba allon aiki aka ga sunansa. Ina tsaye a ofis aka tambaye shi, ya kalle ni sau ɗaya, na kalli ƙasa. Shi ke nan. Ba wanda ya tilasta mini. Tsoro na ji, kuma ban so a raba ni da Gwaggo ba.

Tela ya ajiye biro yana kallona. Na ce ya rubuta, bas ba zai jira ba.

Ga yadda ake yi. Da zan iya da na zo, amma hannuna rawa yake yi, ko igiyar wando da ƙyar nake ɗaurawa. Ki je da sassafe, ke da likita kawai. A bayan tafki akwai ƙaramar ƙofa wajen magudanar ruwa, da ƙarfe mai kauri a gicciye. Ki tsaya bayan ƙarfen, kada ƙafarki ta wuce shi ko da me. Ki tsaya ta hagunta, idon dama ba ya gani sosai, tana firgita. Ki kifa bokitin ƙarfe ki buga gindinsa sau uku, ki jira, ki sake. Kada ki kira ta, kada ki yi magana. Za ta zo ta ɗora haɓa a kan ƙarfen. Sai ki kunna tiyo, ki danne bakinsa da babban yatsa, ki fesa mata a leɓe. In ta buɗe ki kai ruwan can sama a ganɗa, nan take so, muddin ruwan na zuba ba ta rufewa. Wayar da ake yanke ƙahon shanu za ku sa, a ɗaura sanda a kowane gefe, likita ya ja ke ki riƙe ruwa. Ku bar tsawon yatsa huɗu daga dasashi, ƙasa da haka akwai rai. In kunnuwanta suka kwanta baya ku janye hannu nan take. In ta tafi ku bar ta, za ta dawo.

Shekara huɗu ba a buga mata bokiti ba. Ban sani ba ko ta manta. Ban yi tsammani ba.

Abin da kika ga dama ki yi da sauran maganar.

Baffanki, in har yanzu kin yarda.

*

Baffa,

Muna lafiya. Na san sati biyu ke nan kana jira. Da gangan ne.

Na kai wa likita rabin wasiƙarka. Ya karanta a tsaye, ya ɗauki waya ya ce wa Manaja ba mai taɓa bindigar allurar kafin Laraba, a bar mu mu gwada. Ranar Litinin na buga bokiti har hannuna ya yi ja, ko motsi ba ta yi ba. Talata ta juyo, ta zo rabin tafki ta tsaya tana kallona, ta koma. Laraba mai bindiga ya riga ya zo yana zaune a kan benci da akwatinsa. Na buga sau uku. Na sake. Sai ga ta, a hankali kamar mai jin kunya, ta ɗora haɓa daidai inda ƙarfen ya goge ya yi sheƙi. Ban taɓa lura da wurin ba sai ranar.

Da ta buɗe baki likita ya yi salati. Hauren ya shige kunci ya fi tsawon yatsana. Sau shida tana tafiya tana dawowa. Wayar ta yi zafi, wurin duk ƙaurin ƙaho. Da ya yanke muka zaro guntun, abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Mun wanke ciwon, muna sa mata magani a cikin kabewa dafaffiya. Ranar Juma'a ta ci. Jiya ta cinye baro guda na ciyawa ta watsa wa Manaja ruwa a wando.

Na rubuta komai a fayil, bokiti da tiyo da yatsa huɗu, kuma na fara koya wa masu kula da ita. Na koma shafin nan na shekara ashirin da shida, na rubuta sunan wanda ya bar manjagara a ƙasan sunan Babana. Na sa hannu, likita ya sa.

Ɗaya rabin na karanta wa Inna. Ka san mun tashi a ɗaki ɗaya bayan kanti. Ka san yayata ta bar makaranta. Ka zo jana'izarsa ka tsaya a sahun gaba. Ina riƙe da tiyo ina kallon bakin dabbar nan ina tunanin sau goma sha ɗaya ka sa hannunka a ciki don ka gyara abin da ka yi mata, amma ƙofarmu ko sau ɗaya ba ka ƙwanƙwasa da wannan maganar ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce in faɗa maka ita ba ta iya karatu ba, kuma ba ta karɓar irin wannan a takarda daga hannun tela. Ta ce mai baki daram ya san hanyar gidan.

Auta.

*

Auta,

Ina gaisuwa, ke da maigidanki da yara. Gwiwa tana nan yadda take.

Ta ci. Alhamdu lillahi. Tela ya karanta wurin sau uku, na ukun shi ya so. Ki ci gaba da kabewar har sati biyu, kada ku yi saurin ba ta busasshiyar ciyawa. Kuma guntun hauren kada Manaja ya ajiye shi a teburinsa, ba shi ya yanke ba.

Na ji shi a rediyo yana cewa da kayan aiki na zamani aka gano ciwon. Bokiti ne na zamani ko tiyo? Ko sunanki bai ambata ba, mara kunya. Na yi ta faɗa har tela ya kashe rediyon, ya ce ni ne na ƙarshe da ya kamata in yi maganar wanda aka ɓoye sunansa. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Gaskiya ya faɗa.

Abin da kika rubuta a fayil daidai ne. Kada ki goge ko da wani ya ce ki goge.

Na yi magana da direban bas, zai ajiye mini gaba saboda ƙafa. Ranar Talata zan iso da la'asar. Kada ki zo tasha, kada ki kai ni gidan zu, ba wurin Gwaggo na zo ba. Ki kira yayarki ta zo. Ki ce wa Innarki kada ta fito mini da kujera, a tsaye zan faɗa, daga bakin ƙofa. In ta ce in shigo, to. In ta rufe, bas yana juyawa da safe.

Baffa.